Tekun da Na Yi wa Kaka Alkawari

Wautar da na tafka a bazarar bara ba ta fi tsawon tafin hannu ba. Wani ɗan siririn abu ne kore mai haƙoran zinariya a gefe ɗaya. Na zare shi daga cikin kwamfutar yayana, na durƙusa har ƙasa, na miƙa wa kakata da hannu biyu na ce ga toshi. Ta karɓa ta sa mini albarka. Da na san abin da nake bayarwa, da ko ɗaure ni aka yi a jikin darbejiyar ƙofar gidanmu ba zan miƙa ba.

Kaka ta zo gidanmu a unguwar Yerimaram ta Potiskum daga Gadaka ne don a yi mata aikin ido. Yanar ido ta rufe mata gani har ta kai ba ta bambance ni da turmi sai na yi magana. Ranar da aka cire mata bandeji, ni ne abu na farko da ta gani a duniya. Ta daɗe tana kallona, sannan ta juya ta ce wa Umma ashe maigidan nata haka yake, kunnuwa kamar marfin tukunya, da ta sani da ta bar idon yadda yake. Haka muke da ita tun ina rarrafe. Ni ne maigida, ita ce amarya, kuma ban taɓa cin ta a faɗa ba.

Likita ya hana ta shiga rana da zama kusa da hayaƙi. Matar da ta saba tun asuba tana tsakanin awaki da murhu, sai ga ta an ajiye ta a ɗaki kamar buhun gero. Ni kuma na gama jarrabawar aji uku, ina zaman gida ba aikin fari ba na baƙi. Ranar da zaman ya ishe ta, ta jawo tabarmarta ta shigo ɗakin Yaya, inda nake.

Kwamfutar ta Yaya ce. Ta hannu ya saya don zanen gine-gine, da ya koma makaranta a Maiduguri ya bar ta da gargaɗin da ya fi ta nauyi. Baƙin akwatin ƙarfe ce, tsohuwa, ina jin ta ga mulkin soja. In ta tashi, fankarta na ƙara kamar injin markaɗen maƙwabta. Da sola muke kunna ta, batirin kuma ya gaji da duniya, don haka sai rana ta take tsaka muke da wuta, in ta karkata mu ma mu karkata.

A ciki akwai wani gem, wasan tuƙin babbar mota. A garin da yaro ke koyon sunayen tireloli kafin ya iya karatu, ba sai an tambaye ni dalilin da ya sa nake son sa ba. Ana ɗora maka kaya, ka bi hanya a wata ƙasar da ban san sunanta ba, ƙasa mai korayen tuddai, ba rami a titi, ba mai tsayar da kai ya leƙa bayan mota. Kaka ta zauna a hagu da ni da baƙin tabarau da mafici. Tambayarta ta farko ita ce wa ke zuba mana mai. Ta biyu kuma, ko na yi addu'a kafin in tayar.

Daga ranar ta zama fasinjata. Ba na taɓa madannai sai ta gama addu'ar tafiya ta shafa. In na wuce wata mota a kwana sai ta dafe ƙirji ta zage ni da yarenmu na gida, wanda rabinsa kawai nake ji, amma rabin ya isa. Tana gaida shanun da ke kiwo a gefen hanya. Tana jin haushin gonakin, wai ga ƙasa mai kyau ba kowa a ciki, mutanen nan malalata ne. A waje zafi ne irin wanda ƙadangare ke ɗaga ƙafa yana neman takalmi, kwanon ɗaki na ƙas-ƙas, amma a cikin allon sai hadari ya haɗo, ruwa ya fara sauka a gilashin motar, waifa na kaiwa da komowa a hankali. Sai in ga Kaka ta ajiye mafici ta ja mayafi ta rufe kafaɗa. Wata rana ta ce tana jin ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Na buɗe baki in yi mata dariya, sai na ji kamar ni ma ina ji. Mukan yi tafiya mai tsawo, gumi na bin bayana, hanya na shigowa tana wucewa ta ƙarƙashinmu, har in manta a Potiskum nake sai ladan ya kira la'asar.

Wata rana na buɗe taswira, ta nuna can ƙarshe da bakin mafici, inda hanyar ta ƙare a jikin wani shuɗi mai faɗi, ta tambaye ni mene ne. Na ce teku ne. Ta ƙura masa ido. Ta ce ta sha jin labarinsa a bakin alhazan da suka hango shi ta tagar jirgi, amma lokacin da take da ƙafar tafiya ba ta da hali, da idon ya rufe kuma ta cire rai da ganin komai.

"Amarya, ni zan kai ki," na ce, ina bugun ƙirji.

"Maigida, ka dai yi sauri. Ranar da ruwan shuka ya sauka, washegari ina Gadaka. Gyaɗata ba ta san teku ba."

Matsalar ita ce ni ma ban taɓa ganin tekun ba. Kafin a kai gare shi akwai wani dogon tudu. Kana fara hawa za ka ga allon hanya mai hoton jirgin ruwa, fararen tsuntsaye na shawagi a sama, hasken sararin ma ya canza. Daf da ƙoli sai motar ta fara shaƙuwa. Ta tsaya, ta zabura, ta tsaya. Ƙarar injin ta maƙale a wuri ɗaya kamar ƙuda a kwalba, tsuntsayen su daskare a sama da fukafukai a buɗe, sai gem ɗin ya watso mu waje. Kullum a wurin. Kaka takan jira kaɗan, sannan ta ce in sauka in tura mana, ko in kira yaran unguwa.

Na kira Yaya. Bayan ya gama tambayar wa ya ba ni izinin sa gem a kwamfutarsa, ya ce ram ɗin ne ya yi kaɗan. Ya ce in ɗauke shi kamar tabarmar shanya: duk abin da kwamfuta za ta nuna sai ta fara baza shi a kai. Daji da shanu ba su da yawa, suna shiga. Amma bayan tudun nan akwai gari guda, da jirage, da ruwa mai motsi, tabarmar kuwa ƙarama ce. Ya bincika mini ya ce ɗan abin da na tara na barka da salla zai sayi ɗaya daga cikin biyu. Akwai mai faɗi, ninkin namu, amma tafiyarsa irin ta namu ce. Akwai kuma wanda faɗinsa daidai da namu, sai dai sauri kamar walƙiya. Ya turo hotunansu ta waya, ya ce in sayi mai faɗin, ya kashe.

Mai faɗin kore ne tsirara, ba ado, kamar an yanko shi daga jikin tsohon rediyo. Mai saurin kuwa yana sanye da baƙar riga ta ƙarfe mai tsini, a gadon bayansa akwai fitila, launuka na gudana a ciki kamar an narkar da bakan gizo.

Kwanaki na yi ina kwance a ƙarƙashin darbejiya da wayar Umma a kan ƙirjina. In na rufe ido sai in ga motata ta tashi daga tasha, tayoyinta sun bar ƙasa, mun haye tudun ta sama tare da tsuntsayen, mayafin Kaka na kaɗawa ta taga, launuka na zuba a bayanmu har unguwar Yindiski. Na gina wa kaina hujja mai kyau: in mai shanya na da zafin nama, ai kafin tabarma ta cika ya kwashe na farko ya zuba na biyu. Na kai maganar majalisar abokaina a bakin shagon caji, suka rabu biyu, aka yi musu har mai shagon ya kore mu. Wanda ya fi kowa ɗaga murya a kan sauri ko linzamin kwamfuta bai taɓa riƙewa ba. Shi na bi. Ni mutum ne da ko aiken gishiri aka yi mini da gudu nake zuwa, in dawo da sukari.

Kawu, ƙanin Umma, shi ke zuwa Kano saro kayan shagonsa, kuma duk dangi shi ake ba sautu. Yana da doka ɗaya tun lokacin da matan gidanmu suka sa shi ya yi ta yawo da atamfa ana canza launi: abin da ka ce shi zai kawo, ba ya ba da shawara, kuma abin da ya shigo Potiskum ya shigo ke nan. Na tura masa hoton mai fitila. Ya kalla, ya kalle ni, ya tambaya ko na tabbata. Na ce ko a mafarki aka tashe ni shi zan nuna.

Ram ɗin ya iso a cikin kwalin sabulu, yana ta ƙamshin lemo. Na kwance gefen akwatin, Kaka na riƙe mini da ƙusoshin a tafin hannu. A ciki akwai gurbi biyu, ɗaya da tsohon ram, ɗaya ba komai. Na riga na karanta a waya cewa in ka haɗa mai sauri da mai nawa, mai saurin zai rage gudu ya bi takun ɗan'uwansa. Ni kuwa ban tara kuɗin salla don in sayo doki in ɗaure shi da jaki ba. Na zare tsohon. Da na rasa inda zan ajiye shi, sai shaiɗanin wasa ya zo mini, na durƙusa na yi abin da na faɗa a farko. Kaka ta juya shi a haske, ta ce tun da take da ni yau ne na fara kawo mata zinariya. Ta tura shi cikin zani.

Na danna sabon, na kunna. Ɗakin ya cika da launi. Ja ya bi bango, ya koma shuɗi, ya koma kore a kan baƙin tabaran Kaka, ta ce kamar gidan biki. Sai na mayar da murfin ƙarfen na ɗaure, launukan suka ɓace ɗif. A lokacin ne na tuna akwatin Yaya ba shi da gilashi ko na ƙwayar gero. Na so in bar shi a buɗe, sai na hango wata tsaka a bango tana leƙen cikin da sha'awar mai neman haya. Na bar shi a rufe.

Muka yi addu'a muka tashi. Na rantse motar ta fi sauri, ko kuma ƙafata ce ta fi nauyi, ban sani ba. Muka wuce shanu ba gaisuwa, muka wuce allon jirgin ruwa, tsuntsaye suka fito. Daf da ƙoli, a daidai inda muka saba, a gefen dutsen da na riga na haddace kamanninsa, motar ta shaƙe ta mutu.

Kaka ta gyara zama. "To, alhamdu lillahi. Yau mun iso wurin mutuwar da wuri."

Da yammacin ranar hadari ya leƙo daga gabas. Bai zubar ba, iska kawai ya turo ta kwashe shanyar Umma ta kai gidan maƙwabta, amma ƙamshin ya zo, na gaske wannan karon. Kaka ta tsaya a bakin ƙofa tana shaƙa. Da ta shigo ta fara ninke zannuwanta, ta aika a gaya wa Kawu ya nemo mata irin gyaɗa mai kyau. Hadarin nan ta ko'ina abokin gabana ne: shi zai tafi da fasinjata, shi kuma zai rufe ranar da ke ba mu wuta.

Na sake kiran Yaya na faɗa masa gaskiya. Ya yi dariya har na ji wani a ɗakinsu na tambaya ko lafiya. Da ya nutsu ya ce abin bai ɓaci ba, in mayar da tsohon a gurbi na biyu. In an yi sa'a suka karɓi juna, tabarma biyu ke nan a jere. Na ce ai mai saurin zai rage gudu. Ya ce ya rage mana, gudun me ake a hanyar da ba ta kaiwa.

"Ina tsohon yake?" ya tambaya.

Na ce layin ba ya da kyau, na kashe.

Na samu Kaka tana goga goro a jikin ɗan gwangwaninta mai huji, don haƙoranta sun daɗe da yin ritaya. Da na ga jiƙaƙƙen tsumman da take naɗe goro a ciki, sai na ce a raina ram ɗin ya jiƙe, don duk abin da take ji da shi a nan yake kwana. Na zauna na gaishe ta gaisuwar da ban taɓa yi mata ba, har da tambayar awakin Gadaka ɗaya bayan ɗaya. Sannan na ce ko za ta ara mini zinariyar nan.

Ta ce ita dai ta tsufa, ta ga maza iri-iri, marowata da matsiyata, amma ba ta taɓa ganin wanda ya kai toshi ya dawo karɓa ba. Ta ce za ta ba da labarin a Gadaka gidan suna da gidan biki, har jikokina su ji. Na sayo mata goro fari, ta karɓa ta ce na gaisuwa ne. Na matsa mata ƙafa, ta yi barci. Na ce don ita nake yi, tekun nata ne. Ta ce ta sani, shi ya sa ba za ta sayar da arha ba. Umma na jin mu daga madafa, ta ce kada wanda ya sa ta a shari'ar miji da mata.

Sai da na gaji sannan ta faɗi farashi. In ta ba ni, zan bi ta Gadaka in yi mata shuka, tunda makaranta ta sake ni. Ni da gona kuwa ba ma ga maciji. Rabona da ita tun ranar da na sare ɗan yatsan ƙafata da fartanya na suma, na farfaɗo, na ga jinin na sake suma. Na ce a kai kasuwa. Ta ce to, ta ci gaba da gugar goro.

Bayan kwana biyu, da hantsi, ruwa ya sauka. Ba yayyafi ba, ruwa na sosai, wanda ya cika lungunmu har yara suka fito da robobi suna tuƙa jirgi. Kaka ta aika aka gaya wa mai mota ya ajiye mata gaba gobe da safe. Na tsaya a baranda ina kallon ƙullin kayanta a jingine da bango. Na tuna yadda ta nuna shuɗin nan da bakin mafici, da yadda ta ƙura masa ido. Na shiga na ce na yarda.

Ba a cikin goro yake ba. Ta buɗe gidan tabaranta, ga shi kwance a naɗe da audugar da aka ba ta a asibiti, a bushe, ko ƙura babu.

Rana ba ta fito ba sai bayan azahar, ita ma a raunane, tana leƙowa tana komawa. Na danna tsohon kusa da sabon, kore tsirara a gefen mai rigar ƙarfe. Na kunna. Allon ya yi baƙi ya daɗe, har na fara tsara ƙaryar da zan yi wa Yaya, sai injin markaɗen ya tashi.

Na so in taka, don na san batirin bai sha rana ba. Kaka ta hana. Ta ce yau ba za a yi mata gudu ba, tafiyar ban kwana ce, tana so ta sallami shanunta. Haka muka bi hanyar a hankali, ruwa na ɗiga daga indararo a waje, ruwa na sauka a gilashin mota a ciki, har na kasa gane wanne nake ji. Muka wuce allon jirgi. Tsuntsaye suka fito. A gefen dutsen motar ta yi shaƙuwa ɗaya, sai ta haɗiye ta ci gaba. Dutsen ya wuce ta bayanmu. Ban taɓa ganin bayansa ba.

Hanyar ta sunkuya ƙasa, sai ga shi. Ya fara daga ƙarƙashin gari ya tafi har inda ya haɗu da sama, ba a ganin ɗinkin. Rana na kwance a kansa a farfashe, tana ƙyalli kamar an watsa sababbin kwanonin amarya. Jirage na tsaye can nesa, ƙanana kamar ƙwaryar da aka manta a rafi. Na gangara har inda kwalta ta ƙare. Kaka ta ce in kashe injin. Da na kashe sai muka ji shi, yana zuwa yana komawa, kamar numfashin wani babban abu mai barci.

Ta cire tabarau. Ta matso har tabarmar ta naɗe a ƙarƙashinta.

"Ina ɗaya gaɓar?"

"Ba a ganin ta, Kaka."

"Duk wannan ruwa, ba ko akuya ɗaya mai sha."

Na ce ai gishiri ne da shi. Ta girgiza kai ta ce asara. Can kuma, a hankali, ba da ni take ba, ta faɗi wata magana da yarenmu, daga cikin rabin da ba na ji. Ban tambaye ta ba. Muka zauna, farin kumfa na hawa yashi yana janyewa, tsuntsu ɗaya ya sauka a kan wani turke ya tashi. Ban san tsawon lokacin ba. Batirin ya fara kuka daga baranda, ya yi ta yi, sannan allon ya mutu. Ta ɗan ƙara zama tana kallon baƙin gilashin, kafin ta mayar da tabaranta ta ce in kira mata Umma ta ɗiga mata magani.

Washegari muka shiga motar Gadaka, ita a gaba, ni a baya tsakanin buhun iri da wata tunkiya. Na yi shukar gyaɗa har tafin hannuna ya yi ƙulu-ƙulu ya fashe, kuma duk da haka ta ba da labarin toshin a gidan suna. Ram ɗin biyu suna cikin akwatin Yaya har yanzu. Mai saurin na tafiya da takun tsohon, fitilarsa na ci a ciki, murfin a rufe.